Wai kotu ta hukunta Netflix, daga baya kuma aka ce haƙƙin ma bai inganta ba?

Sadiq_KD: Salam jama'a, don Allah masu ilimin shari'a ku fitar da ni duhu. A 2023 kotun Munich ta ce Netflix ya taka haƙƙin ƙirƙirar kamfanin Broadcom a kan HEVC, wato fasahar matse bidiyo da suke nuna 4K da ita, har aka ci su tarar yuro miliyan 7 da ɗoriya saboda ba su daina ba, sai kuma 2024 wata kotun ta soke haƙƙin. To ya za a yi a hukunta mutum kan ya shiga gona alhali ba a ma tabbatar gonar ta mai ƙara ba ce? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Barista_Hauwa: Wa alaikumussalam ƙanina. Tsarin Jamus ne haka, kotu biyu ce. Ɗaya aikinta kawai ta duba an taka ko ba a taka ba, ita kuwa maganar ingancin takardar haƙƙin tana hannun kotun tarayya ta haƙƙin ƙirƙira, kuma wannan ta biyun ta fi jan ƙafa, to kafin ta yanke an riga an ba da umarnin hani, kamfani ya zaɓa ko ya biya ko ya janye kayansa daga kasuwa. Shi ya sa masu haƙƙi ke rububin Munich, can Nokia ta samu hukunci a kan na'urar kallo ta Fire TV ta Amazon a 2024, suka sasanta a 2025. Ni dai a ganina akwai zalunci a ciki, babban kamfani zai jure, ƙarami kafin gaskiyarsa ta fito ya durƙushe.

Injiniya_Bash: Hajiya ta gama magana. Ƙari kawai, yawanci da hujjar "wani ya riga ka" ake kayar da su, lauyoyi su tono tsofaffin takardun taron injiniyoyi su nuna dabarar ba sabuwa ba ce ranar da aka yi rajista. A Amurka ma akwai hukumar PTAB mai wannan aikin tun 2012. Rigimar biyan kuɗin haƙƙin HEVC ce ta sa su Google da Netflix da Amazon suka haɗu a 2015 daga baya suka fito da wata fasahar matse bidiyon mai suna AV1 kyauta, duk da haka kamfanin Sisvel mai karɓa wa masu haƙƙi kuɗi ya ce AV1 ɗin ma akwai haƙƙoƙi a ciki a biya shi.

MaiEditin_Kano: Ashe shi ya sa in kwastoma ya turo bidiyon biki daga iPhone sai Windows ta ce sai na sayi HEVC na kusan dala ɗaya kafin ya buɗe! Ni dai manhajar kallon bidiyo ta VLC nake sa wa yarana a shago.

Sadiq_KD: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Amma tarar da aka riga aka ci fa, in an soke haƙƙin ana mayar musu da kuɗinsu?