Taswirar tunani wajen tsara kulawa da mai jego mai ciwon sukari

Ɗalibar jinya: Assalamu alaikum, malamaina. An ba ni aikin zana taswirar tunani, wato zanen da ke nuna alaƙar abubuwa da juna, a kan matar da ta kamu da ciwon sukari tana da juna biyu, yanzu kuma ta sauka lafiya. Mene ne ya kamata in sa a tsakiyar taswirar?

Malamar jinya: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki sa mai jegon kanta a tsakiya, sannan ki ja kibiyoyi, kowace da kalmar da ke bayyana alaƙa. Misali, fitar mabiyiya tana rage sinadaran da ke hana insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, aiki, don haka sukari yakan sauka nan da nan, wadda kuwa aka bari a kan tsohon adadin allurar insulin tana iya faɗawa cikin ƙarancin sukari, musamman idan tana shayarwa. Wannan dangantaka ce ke ɓoyewa idan aka jera matsaloli kawai ba tare da taswira ba.

Ungozoma: Ƙanwata, kada ki manta da reshen gida. Da yawa sukan tafi wanka wajen iyayensu har arba'in, inda ake dama musu kunu da sukari safe da yamma, saboda haka mai yi mata wankan ma tana buƙatar bayani.

Ma'aikacin jinya: Ki ƙara reshen bibiya. Ana yin gwajin shan sukari giram 75 tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, kuma a ganina haɗa shi da rigakafin jariri na mako 6 ya fi sauƙi. Ko sakamakon ya yi kyau, a maimaita gwaji duk shekara 1 zuwa 3.