Feshin ruwan zogale zai ninka ƙwayar shinkafa?

Mai Fadama: Salamu alaikum jama'a. Wani saƙon murya na yawo, mai maganar na cewa masanan Japan sun gano sinadarin saitokinin ne ke ninka ƙwayar shinkafa a zangarniya, kuma ganyen zogale cike yake da shi. Wai ka daka, ka tace, ka fesa, buhunanka su ninku. Ni kam maganar ta shige ni.

Malamar Tsirrai: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai gaskiya a ciki, amma an sa mata gishiri. Saitokinin sinadari ne da shuka ke ƙerawa a jikinta don sarrafa girmanta. Binciken da yake nufi na Motoyuki Ashikari ne na Jami'ar Nagoya da abokan aikinsa, ya fito a 2005. Iri biyu suka gwada, Koshihikari da Habataki, wadda zangarniyarta ke ɗaukar ƙwaya kusan ninki biyu na ta farkon. Ba abin da suka fesa. Ƙwayoyin gado suka bi, har suka kama wadda ake kira Gn1a. Aikinta ƙera wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai suna OsCKX2, shi kuma rusa saitokinin yake yi. A Habataki kaɗan ake ƙera shi, sai saitokinin ya taru a tsinin da zangarniya ke fara tohowa, tun tana ɓoye cikin kara, ta yi rassa da yawa. Kuma ba Gn1a kaɗai ta kawo ninkin ba.

Ɗan Kura: To ai kin ba Alhaji gaskiya ke nan Malama. In taruwarsa ce sirrin, ni na tara shi da injin feshi. Me ya raba?

Malamar Tsirrai: Wuri da lokaci ne suka raba. Kai a kan ganye za ka zuba, shi kuwa a wani ɗan tsini da bai kai kan allura ba ake son sa. Sannan shukar ba ta zura ido. Idan saitokinin ya taɓa abin da ke karɓarsa a cikin ƙwayar halittar shukar, ana miƙa saƙon hannu da hannu har inda ƙwayoyin gado suke, wasu furotin da ake kira rukunin B su kunna waɗanda za su yi aiki. To cikin waɗanda ake fara kunnawa har da 'yan rukunin A, masu taka wa saƙon birki, da kuma inzayim ɗin nan masu rusa shi. Kana ƙarawa daga waje, ita tana ragewa daga ciki. A 2007 an sa ɗaya daga cikin 'yan birkin, OsRR6, ya yi ta aiki ba tsayawa a shinkafa. Shukar ta tsumbure, saiwa ba kirki, zangarniya ba kirki.

Ɗalibin Samaru: Malama a yi mini afuwa, amma kar a mai da feshin aikin banza. Tun 1957 aka san saitokinin na jinkirta tsufan ganye. Ganyen da ya daɗe kore kuwa ya fi ciyar da ƙwaya. A 2011 ma a Jami'ar Kalifoniya ta Davis an samar da shinkafar da ke ƙara saitokinin idan fari ya matsa mata, kuma ta fi 'yar uwarta amfani bayan an hana su ruwa. Zogale na da ziyatin, irin saitokinin ɗin da aka fara cirowa daga ɗanyar masara a 1963.

Malamar Tsirrai: Ka kawo hujjata da bakinka. Waccan shinkafar makunni aka sa mata, sai wuya ta zo yake kunnuwa. Me ya hana su bar shi a kunne kullum? Saboda saitokinin in ya yi yawa yana daƙile saiwa. Ban ce feshi ba ya sa ganye ya yi shar ba. Ninki nake musu.

Ɗalibin Samaru: A kan ninki kam na bi ki.

Sarkin Noma: Yara ku bari in sa baki. Ban san sunayen nan naku ba, amma na san yawan ƙwaya a kai daban, cikarta daban. Sau nawa za ka ga zangarniya ta yi kyan gani, ka murza a tafin hannu, ka hura, rabi ya tashi? Wata kuma kai ya yi nauyi, iska ɗaya ta kwantar da ita cikin ruwa, ƙwayar ta tsira a kwance.

Malamar Tsirrai: Ranka ya daɗe Baba, masu binciken ma sun hango haka. Shi ya sa suka haɗa Gn1a da sd1, ƙwayar gadon da ke gajarta kara, wadda ta sa shinkafar IR8 ta 1966 ba ta kwanciya. Wani abin kuma da mai saƙon muryar bai faɗa ba: shinkafa da kanta take ƙara ƙera saitokinin idan ta samu naitirojin. Yuriyar da kuke watsawa dab da ta ɗauki ciki, tana cikin hanyoyin da take ƙara rassan zangarniya.

Ɗan Kura: Ashe mun daɗe muna ba ta saitokinin ɗin, da tsada ma.

Mai Fadama: Tsadar ce ta sa na kama zogale. Yana nan bayan gida, ba mai karɓar sisina. Malama, zai ƙona mini shuka?

Malamar Tsirrai: In ka tsinka shi da ruwa sosai, da wuya. Sai dai ba ka san yawan ziyatin da ke cikin bokitinka ba, na yau daban na gobe daban. Roƙona ɗaya, kar ka rage taki saboda shi.

Mai Fadama: To zan fesa wa rabin shinkafata FARO 44, in bar rabi, mu auna a masussuka.

Ɗan Kura: Malama ki sa a raba masa filin da igiya. In aka bar shi, ɓangaren da ke bakin ruwa zai fesa.