In'ina tana tafiya da kanta? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara uku ya fara in'ina tun bayan ƙaramar sallah. Kakarsa ta ce a ƙyale shi, zai daina. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa gani a gidansu ya taimaka mini.

Anti Ladi: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki kwantar da hankali. 'Yata ta yi haka, "ru-ru-ruwa" take cewa har ta gaji ta yi nuni da hannu. Ba mu kai ta ko'ina ba. Abin da muka yi kawai, mun hana yayyenta kwaikwayonta da ƙarasa mata magana. Kafin ta shiga firamare ta daina.

Malam Sani: Maganar Anti Ladi tana da tushe. Yairi da Ambrose na Jami'ar Illinois a Amurka sun bibiyi yara tun daga fara in'inarsu, kuma a 1999 suka bayyana cewa kusan kashi 74 cikin 100 sun warke ba magani. Binciken tsibirin Bornholm na Denmak ma ya samu adadi kusa da wannan. Shi ya sa kusan yara 5 cikin 100 ke yi, amma a manya ba ya wuce 1. Sai dai ba kowa ke dacewa ba. Mata sun fi maza warkewa. Kuma idan a dangi akwai wanda ya girma da ita, ko aka shekara ba ta ragu ba, to a kula.

Ɗan Baffa: Ni ne wannan ɗayan da ya rage! A makarantar allo in muna karatu tare, ko ina rera ƙira'a, harshena sumul. Amma malam ya ce in tashi in faɗi sunana, sai gumi. Ba wanda ya yi mini magani. Da na girma na koyi rage sauri, na daina gudun kalmomin da ke maƙale mini. Yanzu mutane na cewa na warke. Su ke faɗa, amma kiran waya da baƙo har gobe sai na shirya masa. Irin warkewar yara daban ce, tamu aiki ne.

Maman Abba: Allah sarki. Malam, ƙanin babansa ma har yanzu yana yi.

Malam Sani: To Hajiya kada ki jira shekara ta cika. Ki kai shi asibitin koyarwa mafi kusa, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ki ce a haɗa ki da masanin gyaran magana. Ki ɗauki bidiyonsa a waya kafin ku je, don a gaban likita yakan yi shiru.