Ƙanina ya bar makaranta, Baba yana so a tura shi Legas, shawara don Allah

Bawan Allah daga Auyo:

Slm jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Ina da ƙani ɗan shekara 19, yana SS2 aka yi ambaliyar 2022 wadda ta cinye mana shinkafa, mutane suka tare a ajujuwan makarantarsu, da ruwa ya janye kowa ya koma aji shi bai koma ba. Yanzu daga teburin mai shayi sai rumfar mai cajin waya, da dare gidan kallon ƙwallo, bacci kuma sai rana ta take. Ba ya ɗauke-ɗauke, ban taɓa ganin alamar ƙwaya a idonsa ba, amma cikin yaran da yake bi akwai masu sha. Baba ya gaji ya ce a sa shi a tirela ya tafi Legas cirani, Inna kuma tun da aka faɗa take kuka. Ni karatu nake so ya koma amma da na ɗauko maganar sai ya ce waɗanda suka gama ɗin me suka tsinta. Ya zan yi da shi?

Ɗan Kura:

Wslm ɗan uwa. Maganar Legas a ajiye ta tukuna, acaɓar da yaranmu ke zuwa yi an hana ta a unguwanni da yawa tun 2022, sai dako da kwanan kasuwa, yaron da ba ya jin maganar Baba a gida wa zai ji a can? Ku fa kuna kan ruwa, madatsar Auyo na nan ga fadama ko'ina. Mu nan Kura da Kadawa da ruwan Tiga muke noman rani, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 manomi ba abin da yake tsoro kamar injin ban ruwa ya tsaya masa ana tsakiyar ba alkama ruwa, wasu sun mayar da injinsu na gas wasu sun koma sola, duk wannan hannu yake nema. Ka kai shi wajen mai gyaran inji, ba wanda ya fi suna ba, wanda ya fi haƙuri da yara. Da farko wankin kabireta da goge fulogi zai yi ta yi yana ɗaukar wa oga jakar sifana zuwa gona, da yamma a ba shi na sabulu, kuma wallahi wannan ɗan na sabulun ne yake fito da yaro daga ɗaki da sassafe, ba wa'azinka ba.

Maman Khalifa:

Malam Ɗan Kura ya yi gaskiya amma kar a jefar da karatun. Ni malama ce, na san ciwon irin waɗannan yaran, kunya ce ke hana su, ƙato da gemu ya sa yunifom ya zauna da ƙannensa? Ba sai ya koma aji ba. Akwai jarrabawar NECO ta waje, wato ta waɗanda ba sa makaranta, da ake yi ƙarshen shekara, akwai WAEC ita ma ta waje, ga NABTEB, jarrabawar fasaha da kasuwanci, da ta fi dacewa da mai sana'ar hannu. Kiredit biyar yake buƙata har da Turanci da lissafi, in ya samu ga Binyaminu Usman Poly nan Haɗejiya kusa da ku. A nema masa mai lesin da dare su uku ko huɗu, shi kaɗai ba zai jure ba. Karatun manya kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci lokacin Jigawa tana cikin Kano, iyayenmu da yawa a ajin yamma suka koyi rubuta sunansu.

Sarkin Gardama:

Hajiya a gafarce ni, satifiket nawa ne a ƙasan katifa a garin nan? A N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi da aka fara a 2016, ana ba masu digiri da NCE dubu 30 a wata, da aka sallame su wasu majalisar da suka baro suka dawo. Kar wanda ya zauna jiran fom. Sana'a kawai.

Baba Ɗanjuma mai ritaya:

Yaro, ku duka kun tsallake abu ɗaya. Wannan ƙanin naka ba wanda yake nemansa da safe, shi ya sa yake bacci. A ƙauyenmu duk shekara kafin ruwa ya iso muna aikin gayya, a cika buhuna da ƙasa a ɗaga jinga, a shiga kwale-kwale da lauje a sare kacalla da ta toshe hanyar ruwa. Bara dagaci ya kira yaran majalisar nan da ake ce wa ba sa jin magana, a gaban jama'a ya damƙa wa ɗayansu littafi ya ce kai ne za ka rubuta wanda ya zo da buhu nawa kowane gida ya kawo. Ranar farko ya kasa haɗa lissafin, gumi ya rufe shi ana kallonsa, da dare da ƙafarsa ya je gidan malamin firamare. Yanzu shi ke riƙe da kuɗin ƙungiyar masu ban ruwa. Ka je ka ga mai unguwarku a ba shi wani abu ya riƙe, kuma a faɗa a bainar jama'a.

Bawan Allah daga Auyo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba Ɗanjuma zan je wajen mai unguwa, amma ni tsorona kar ya ji ni na shirya, da ya gane hannuna a ciki zai noƙe.

Ɗan Kura:

To kar ka je da kanka, ka tura kawunku ko limamin unguwa. Mai gyaran injin ma shi ya aiko a kira shi kamar yana neman yaro, kuma ku yi sauri kafin a fara shukar alkama a Nuwamba, lokacin ne aiki ke yi musu yawa suke ɗaukar yara.