Maƙalata ta farko: wace mujalla zan kai wa?

Ƙaramar Sista: Assalamu alaikum. Na gama binciken digirina kan zuwan mata awon ciki, ina so in mayar da shi maƙala. Wata mujalla ta turo min imel, wai in biya kuɗi za su buga cikin mako guda. Ya kuka gani?

Matron: Wa alaikumus salam. 'Yata, ko sisi kar ki tura musu. Mujallar ƙwarai sai ta ba masana sun tantance aikin, abin kan ɗauki watanni. Ta mako guda kuwa, ranar ƙarin girma kwamiti na iya ƙin lissafa ta. Nemi sunanta a DOAJ ko AJOL tukuna, shafukan intanet ne da ke jera mujallun da aka tantance.

Malamin Kwaleji: Kina da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, tun kafin ki raba tambayoyin?

Ƙaramar Sista: Ina da ita, Malam, har da lambarta.

Malamin Kwaleji: Madalla, lambar za ta shiga sashen hanyar bincike. Zaɓi mujallar kafin ki fara rubutu, ki karanta ƙa'idojinta: iyakar kalmomi, da salon kawo madogara, Vancouver ko APA. Babi na biyu na kundinki, na bitar binciken da wasu suka yi, shi zai fi shan yanka, ki daure. Tunda tambayoyi kika raba sau ɗaya, sauke STROBE, jerin abin da rahoton irin wannan bincike zai ƙunsa, daga EQUATOR, shafin jagororin rubuta binciken lafiya, abubuwa 22 ne, ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ungozoma: Ki sa Zotero, manhajar tsara madogara, kyauta ne. In wata mujalla ta ƙi aikin, nan take zai sauya miki salon madogara. Kar dai ki tura wa mujalla biyu lokaci guda.

Ƙaramar Sista: Na gode, Anti. Sai kuma shugaban sashenmu ya ce a sa sunansa cikin marubutan.

Matron: Me ya yi a binciken? A ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda izini kawai ya bayar wurinsa sashen godiya.

Ungozoma: Hajiya, shi fa ke sa hannu a takardar hutunta.

Malamin Kwaleji: To a ba shi aiki na gaske. Ya zauna da ke wajen fassara sakamakon, ya gyara rubutun, ya amince da na ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kansa. Mujallu da yawa na neman a rubuta abin da kowa ya yi, ki nuna masa wurin.

Ƙaramar Sista: In ya ce ba shi da lokaci fa?

Matron: Kira ni bayan Magariba, wannan ba maganar zaure ba ce.