Tempeh a Jos: in yi oda daga Abuja ko in haɗa da kaina?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya daina cin nama tun bayan azumi. Likita cewa ya yi ya rage saboda kitse a jini, shi kuma ya ɗauki abin da zafi ya bari gaba ɗaya. Yanzu awara da wake sun fita ransa, ni ma dabara ta ƙare min. Ƙanwarsa ta ce mu gwada tempeh, wani abinci da ake yi da waken suya. Na zaga Terminus da Farin Gada, babu wanda ya ma san sunansa. In yi oda daga Abuja ne, ko in nemi garin haɗin da ke sa waken ya kama in yi a gida? Tsorona sanyin Jos, don an ce sai da ɗumi yake kamawa.

Hajiya Talatu Bukuru: Wa alaikumus salam. Ki soya masa awara, ki yi miyar kabeji da attaruhu a kai.

Maman Ilham: Hajiya ai awarar ce ta gundure shi.

Injiniya S.: Na ci tempeh sosai lokacin da nake karatu a Malesiya, amma asalinsa na tsibirin Java ne a Indonesiya. Ba kamar awara ba ne da ake niƙa waken suya a tace madarar. Shi waken ake jiƙawa, a murje ɓawon, a dafa sama-sama, a shanya ya tsane sosai, a ɗan zuba ruwan khal, sannan a barbaɗa garin fumfunar Rhizopus. A ɗaure a ganyen ayaba ko leda da aka huhhuda da tsinke. Yana son ɗumi kamar digiri 30, cikin awa 24 zuwa 48 farin abu zai lulluɓe waken ya haɗe shi ya zama curi guda. Da hunturu a Jos ba zai kama a fili ba, sai kin sa shi a kula tare da robar ruwan ɗumi. Amma da ya fara zafi da kansa ki buɗe, in ba haka ba zai lalace.

Ɗan Angwan Rogo: Wato abincin da ya yi fumfuna mu zubar, su kuma su sa a leda su sayar mana. Allah ya ba mu jari.

Ummu Khairat: Anti don Allah kada ki yi oda, ni ganau ce. Wata mai sayarwa a Instagram na tura wa kuɗi, hotunanta tas-tas. Ta ce za ta sa ƙanƙara ta ba motar safe. Motar ba ta tashi ba sai bayan azahar, direba ya cusa kwalin a but ƙarƙashin buhunan mutane, ya iso Jos da dare ya kashe waya. Washegari na je tasha, tun daga nesa wari ya tare ni. Na buɗe, abin ya yi yauƙi, gefe ya koma ruwan hoda, ƙanƙarar ta zama ruwa ta jiƙa kwalin har ya ɓarke a hannuna. Na tura mata hoto, wai haka ƙamshinsa yake, ni ce ban waye ba. Na ce ta maido ko rabi, ta toshe ni. Dubu 6 kowane ƙulli, uku na saya, ban da kuɗin mota. Na bar ta da Allah.

Zee Gwarinpa: Dubu 6? An cuce ki tun daga farashi. Ni 3,500 nake saya a firiza a nan Abuja.

Abban Walid: Yaushe rabonki da saye? Matata ta tambaya kwanan nan an ce mata ya haura dubu 7.

Zee Gwarinpa: Ƙulli ai girma-girma ne, Malam. Maman Ilham, in kin samu ki yanka ki turara minti 10 tukuna, ɗacin zai tafi. Sai ki cuɗa da citta da tafarnuwa da yajin ƙuli ki soya. A miyar agushi ma yana shiga, ba ya dagargajewa kamar awara. Ɗigon baƙi-baƙi a jiki ba komai ba ne, yauƙi da wari mai hawa kai su ne abin gudu.

Hajiya Talatu Bukuru: Injiniya, kai da hannunka ka taɓa haɗawa, ko ci kawai ka yi? Mu da muka tashi muna daddawa da kalwa mun san abin rufi ba a koyonsa a waya.

Injiniya S.: Hajiya, da girmanki, daddawa daban wannan daban. Ƙwayar cutar da ke aiki a cikinsu ma ba ɗaya ba ce.

Hajiya Talatu Bukuru: Ka ji ko, da bakinsa ya ce cuta. Kuma bai amsa tambayata ba.

Ɗan Angwan Rogo: Alhaji ya koma kifi mana mu huta.

Maman Ilham: To garin haɗin a ina zan samu?

Abban Walid: Shi ma aikowa za a yi, kin ga an koma hannun direbobi. Ni takardar makarantar yarona na aika Abuja, ambulan guda, aka caje ni kusan kuɗin kujera.

Ummu Khairat: Kuma in kaya ya lalace ka je ofishin tasha, su ce ba da saninsu aka karɓa ba.

Zee Gwarinpa: Ku riƙa karɓar rasit mana.

Abban Walid: Wane rasit? Lambar mota kawai direban ya rubuta min a bayan kwalin sigari.