Masu Karantar da 'Ya'yansu a Gida: Yaya Kuke Raba Lokaci Tsakanin Darasi da Hidimar Gida?

Maman Khalil, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin motar makaranta da kuɗin zango suka fi ƙarfinmu, sai ni da maigidana muka yanke shawarar in riƙa karantar da 'ya'yanmu biyu na firamare a gida, tunda ina da takardar NCE kuma na taɓa koyarwa kafin aure. Darasin kansa yana tafiya, amma hidimar gida tana neman cinye shi, domin ga goyo, ga girki sau uku, ga wanki, ga baƙi da ba sa sanar da zuwansu. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hanya su faɗa mana yadda suke tafiyar da yininsu a zahiri.

Maman Hafsat, Kano

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ni a gidan mata biyu nake, kuma girki kwana bibbiyu muke yi, saboda haka jadawalin darasina ranar girki yake bi, ba sunayen ranakun mako ba. Ranakun da abokiyar zamana ke da girki su ne ranakun lissafi da Turanci da duk wani sabon darasi da ke bukatar in zauna kusa da yaro in ga yadda hannunsa ke tafiya a kan takarda. Ranar da na karɓi girki kuwa bita ce kawai da kwafar rubutu da karatu a bayyane: su shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin girki, ina gyaran kayan miya ina saurare, idan na ji an yi tuntuɓe a kalma in gyara daga inda nake.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne aike. Duk yaron da aka gani a gida da hantsi, kowa ɗan aike yake ɗaukarsa, daga kakarsu har maƙwabta: je ka kai markaɗe, sayo mini magi, leƙa ka kira mai ruwa. Ni kuma ba zan iya buɗe baki in hana surukata aiken jikanta ba. Da na kai wa maigida ƙorafi, shi ya yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, sannan na sa tela ya ɗinka wa yaran riguna iri ɗaya da suke sawa daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu. Muddin rigar nan na jikin yaro, a makaranta yake ko da yana tsakar gida, kuma yanzu Hajiya da kanta take korar masu neman aikensu. Su ma yaran rigar ta gyara musu zama, domin wanda ya tashi ya yi wanka ya shirya ba ya ɗaukar darasin da wasa.

Baban Sadiƙ, Katsina

Ina so in ja hankalin 'yan'uwana maza. Mu abin da ya sa muka dawo da babbar 'yarmu gida daga makarantar kwana shi ne sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamban 2020, da na Jangebe da ya biyo baya a Fabrairun 2021. Hankalin mahaifiyarta ya ƙi kwanciya, nawa ma haka. Na lura cewa da yawa daga cikinmu mukan ce "mun" yanke shawarar karatun gida, alhali nauyin duka a kan matar yake sauka, kuma har yanzu muna jiran abinci a kan lokacinsa da guga a kan lokacinta. Wannan ba adalci ba ne.

A gidana, kuɗin da muka daina biya na makaranta ban mayar da shi aljihu ba. Da shi nake biyan mai wanki da malamin da ke zuwa ya koya wa yarinyar darussan kimiyya da ba mu iya ba, na kuma sayi fitila mai aiki da hasken rana saboda bitar dare idan an ɗauke wuta. Cefane ni nake yinsa na mako gaba ɗaya. Lissafi kuma nawa ne: da na dawo daga sallar Asuba muke zama da yaran kafin in fita shago, a daidai lokacin da mahaifiyarsu ke dama koko, ta yadda idan ta karɓe su an riga an sauke mata darasi mafi nauyi.

Maman Zainab, Birmingham

Mu a nan Ingila doka ta yarda da karatun gida a fili, domin sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye alhakin ilimantar da yaro ko ta hanyar zuwa makaranta ko ta wata hanya, kuma ba a tilasta mana bin manhajar gwamnati. Sai dai idan lokacin jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare a nan, ya zo, iyaye ne ke neman cibiyar da za ta karɓi yaron, su ne kuma ke biyan kuɗin kowane darasi, don haka tun yanzu muke tanadi.

Da na karanta bayanin Maman Hafsat sai na ji ina ma a ce ni ce ke da matsalar yawan jama'a. Ba ni da kaka ko maƙwabciyar da zan miƙa wa jariri na minti goma, kuma a lokacin sanyi rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma, yara su yini a rufe. Dole na sa fita ta zama wani ɓangare na tsarin mako, zuwa ɗakin karatu na unguwa wanda aron littafi a cikinsa kyauta ne, da haɗuwa da wasu iyalai masu karatun gida. Girki kuwa ranar Lahadi nake yin miyar mako in rarraba a robobi in sa a firiza, wanda ina ganin zai taimaka miki, Maman Khalil.

Maman Abdul Aziz, Maraɗi

Yaya Maman Zainab, shawarar firiza tana da kyau ga mai tsayayyar wuta, amma mu nan miyar mako za ta lalace kafin Talata. Abin da nake yi shi ne in soya markaɗe da mai sosai har ruwansa ya ƙone, in riƙa ɗumama shi safe da dare, sannan in dogara da busassun kayan miya: kauɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, waɗanda nake dakawa in ajiye a kwalabe. Da su miyar rana ba ta ɗaukar lokaci. Yarana ƙanana ne, ina koya musu karatu da Hausa tukuna kafin Faransancin lakwal, wato makarantar boko, kuma a zafin Afrilu da Mayu tun da sassafe muke farawa mu tashi kafin sha ɗaya, domin bayan nan babu yaron da kansa ke ɗaukar komai. Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo nake babban wanki da shara tare da su.

Malam Garba, Zariya

'Ya'yana, ni tsohon shugaban makarantar firamare ne, kuma jikokina biyu a gida ake karantar da su, ni nake duba aikinsu. Ina yaba ƙoƙarinku, amma akwai abubuwan da ba zan yi shiru a kansu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Najeriya su tabbatar ɗansu ya yi shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare, saboda haka kada ku yanke alaƙa da makaranta gaba ɗaya. Ku nemi manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta tsara ku san abin da ake bukata a kowane aji, ku ajiye littattafan aikin yaro da kwanan wata a kansu, ku kuma yi magana da wata makaranta tun da wuri game da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, amma wannan sai a ƙarshen sakandare.

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya mace. Na sha ganin gidan da aka ce ana karatun gida, namiji na kan tabarma da littafi, yayarsa kuwa tana goye da ƙani tana wanke-wanke, ana cewa za ta rama da yamma, yammar kuma ta Islamiyya ce. Idan aiki ya taso a lokacin darasi, ko dai a dakatar da darasin ga kowa a yi aikin tare, ko aikin ya jira.

Maman Khalil, Kaduna

Allah Ya saka muku da alheri, Baba Malam, maganar 'ya mace ta shige ni. Zan gwada rigar Maman Hafsat, na kuma nuna wa maigidana abin da Baban Sadiƙ ya rubuta. Saura batun baƙi: yaya ake yi da wadda ta yi sallama ana tsakiyar darasi?

Maman Hafsat, Kano

Ba a korar baƙo, 'yar'uwa, kuma ni ban taɓa yi ba. Kowane yaro yana da kwandonsa, a ciki kuma kullum akwai aikin da zai iya yi shi kaɗai, wanda nake shiryawa tun dare. Idan aka yi sallama sai su gaishe ta, ɗaya ya kawo ruwa, su ɗauki kwandunansu su koma ɗaki, ni kuma in zauna mu gaisa, in faɗa mata gaskiya cewa karatu muke yi har sha biyu. Dangi na kusa da ƙawaye duk na bi su na sanar da su tun farko, kuma yawancinsu sun mayar da ziyararsu bayan La'asar, lokacin da yaran suka tafi Islamiyya.